Ɗan Hayan Ɗakin Hoto

A ɗakin hoto na wani ƙaramin asibiti da ke Doka akwai wani tabo da ma'aikata suka laƙaba wa suna ɗan haya. Ba a jikin bango yake ba, a jikin farantin ɗaukar hoton ƙirji yake, kuma duk wanda aka ɗauka da wannan faranti sai ya fito da wani farin dabbare a saman huhunsa na dama, ko da kuwa garau yake. Sharhabil ne ya raɗa masa sunan, ya ce tun da ya tare bai taɓa leƙa waje ba, kuma babu mai iya tashinsa.

Sharhabil shi ne babba a ɗakin, ya kuwa san farantin nan kamar yunwar cikinsa. Wani farin allo ne marar kauri da ke zaune cikin wani siririn akwati da ake kira kaset. An shafe fuskarsa da wata hoda mai shanye hasken injin bayan ya ratsa jikin mutum, ta riƙe shi har a zura kaset ɗin a na'ura hoto ya fito a kwamfuta. Hodar nan ba ta shiri da ruwa, halinsu ɗaya da gishiri. Shi ya sa masu ƙera ta suka lulluɓe ta da wata siririyar fata mai ɗaukar ido, wadda da ƙyar ta kai ɓawon albasa kauri, suka liƙe gefuna huɗun ruf. Wannan fatar ita ce duk rufin asirin farantin. Muddin tana nan, gumin hannu da laima da ƙarzar na'ura duk a kanta suke ƙarewa.

To, fatar farantin Doka ta ga duniya. Ruwan goge ta na ainihi ya ƙare tun wani zamani, aka koma dirza ta da sifirit da auduga, wani lokacin ma da jiƙaƙƙen tsumma. Ta dushe, ta yi zane-zane, daga ƙarshe kusurwa ɗaya ta ɗaye. Da damina ta kankama laima ta samu ƙofa, ta shiga ta cinye hodar wurin, ya yi ruwan ɗorawa. Mai asibitin, Dakta Isa, ya sha rantsuwa cewa sabon faranti na kan hanya. Hanyar ce dai ba a san ta wace ƙasa ta bi ba.

Da yake ɗan Adam ba ya rasa dabara, sai suka ƙirƙiro wa kansu doka. In fari ya fito a saman huhun dama, a zare kaset, a juya shi kai ƙasa, a sake ɗauka. In tabon ya koma ƙasa ta hagu, na faranti ne. In ya tsaya inda yake, na mutum ne. Sharhabil da bakinsa ya kafa dokar, kuma ya sha yi wa Juwairiyya, abokiyar aikinsa mai ɗaukar mata, faɗa a kanta. Yakan ce mata, "Ko gwamna ne ya tsaya a nan, in kin ga fari, ki juya."

Ashe akwai wanda ya fi gwamna a wurinsa.

Hajiya Hansai mahaifiyar matarsa Nafisat ce. Tsohuwar malamar firamare, mijinta ya rasu da daɗewa, tana zaune a gidan marigayin a Kurmin Mashi. Tun da Sharhabil ya auri 'yarta bai taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gabanta ba. In ya je gaisuwa, daga bakin ƙofa yake tuɓe takalmi ya tsuguna, idonsa a kan tabarma. Da za a ce ya siffanta fuskarta sai ya nemi taimakon hoton bango, amma ƙafafunta kam ya haddace su, har wani tsohon tabon ƙuna a ɗan yatsanta. Ita ma ba ta kama sunansa, sai dai Baban Atika. Dangi suna yaba wannan kunya tasa, shi ma a ransa yana jin daɗin yabon, kada mu ɓoye masa.

A tsakiyar wata damina Hajiya ta kama tari. An sha zuma da lemon tsami, an sha citta da kanumfari, tari ya ce yana nan daram. Nafisat ta yi magiya, ta yi fushi, ta haɗa ta da ƙannenta, kafin tsohuwar ta yarda a je asibiti. Sharaɗinta ɗaya: mace ce za ta ɗauke ta.

"Ai Juwairiyya na nan, Hajiya," in ji Nafisat. "Shi ko ganinki ma ba zai yi ba."

Ranar da suka zo, Juwairiyya ba ta nan. An yi mata rasuwa a Zariya, ta kama hanya tun da sassafe. Sharhabil ya tarar da su a baranda, ya tsuguna ya gaishe da Hajiya, sannan ya ja matarsa gefe ya ce su dawo wani makon. Nafisat ta dube shi kamar ta fashe da kuka.

"Baban Atika, ka san wahalar da na sha kafin ta fito? Wallahi in ta koma gida yau, ko da igiya ba mai sake jawo ta. Ka daure. Ai likita ba ya kunya."

Wannan magana a baki take da sauƙi. Nafisat ta shiga da mahaifiyarta bayan labule, ta cire mata hijabi da sarƙa da riga, ta sa mata shuɗiyar rigar asibiti mai ɗauri a baya. Sai dai Nafisat na da tsohon ciki, mai ciki kuwa ba ta tsayawa inda hasken injin yake. Dole ta fita, ta ja ƙofa. Ɗakin ya rage daga suruki sai surukarsa.

Sharhabil bai taɓa jin ɗakin nan ya yi masa ƙanƙanta irin na ranar ba. Ya ɗauko kaset idonsa a ƙasa, ya laluba ya zura shi a mazauninsa, bai ko duba koren layin da ke nuna samansa ba. Ga al'ada yakan kama kafaɗun mutum ya tura su gaba, ya ɗaga masa haɓa da yatsa. Yau kuwa bango yake yi wa magana.

"A ɗan matsa gaba. A jingina ƙirji da allon. A ɗaga haɓa."

"To," in ji Hajiya, da wata ƙaramar murya da bai san ta da ita ba.

Ya ruga bayan gilashi. "A ja numfashi. A riƙe." Injin ya yi ƙara. "A saki."

Ya zura kaset a na'ura. Hoton ya fito kai ƙasa, ya danna ya miƙar da shi ba tare da tunani ba, don abu ne da hannu ya saba. Ga haƙarƙari, ga zuciya, ga huhu biyu. Ga kuma fari a saman na dama, kamar girman goro.

Ya tsaya yana kallonsa. Wuri dai wurin ɗan haya ne. Amma sai ya ga kamar gefunansa sun fi na kullum kaifi, kamar kuma ya ɗan matso ciki. Dokarsa ta faɗo masa a rai, har da muryar da yake faɗa wa Juwairiyya ita. A juya, a sake. Aikin da bai wuce shan ruwa ba.

Sai ya ɗaga ido ta gilashin. Hajiya tana tsaye inda ya bar ta, ƙirji a jikin allo, don ba a ce ta matsa ba. Ɗaurin rigar ya kwance, bayanta a buɗe, ƙasusuwan a jere. Ɗankwalinta ya zame, furfura ta fito a ƙeya. Hannunta ɗaya yana ta jan gefen rigar yana neman rufe ƙwaurinta, rigar ta ƙi kaiwa. Matar da ta yi shekaru tana tsawata wa aji guda da kallo kawai, ga ta tana karkarwa. Kunya da tausayi suka rufe shi lokaci ɗaya, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Don ya juya kaset sai ya je dab da ita, ya ce ta ja baya, ta juyo, ya sake tsayar da ita. Ya buɗe baki da niyyar cewa a ƙara haƙuri.

"An gama, Hajiya," shi ne abin da ya fito.

Da Dakta Isa ya duba hoton a ofishinsa, ya sa bakin biro a kan farin. "Wannan fa?"

"Ɗan haya ne, Dakta."

"Ka juya?"

"Shi ne. Na san shi."

Ba ƙarya ya yi ba kai tsaye, ba kuma gaskiya ya faɗa ba, irin amsar da mutum ke bayarwa ya wuce da sauri. Dakta ya yi tsaki, ya ce lallai sabon faranti na kan hanya, ya rubuta maganin tari da ƙwayoyin sanyin ƙirji. Nafisat ta fito tana hamdala. Sharhabil ya gaya wa kansa cewa da Juwairiyya ta dawo zai sa a sake ɗauka, a natse, mace da mace.

Juwairiyya ta dawo. Sai dai a lokacin tarin ya lafa, Hajiya kuma ta riga ta shelanta wa duk Kurmin Mashi cewa Baban Atika ya duba ƙirjinta da injin, ya ce fes yake. Matan makarantar Islamiyyarsu sun ji, ƙannenta na Kinkinau sun ji, har mai kawo mata madara ya ji. Yanzu ya zo ya ce a sake? Sai a tambaye shi dalili. Ya ce bari a ga sati mai zuwa. Sati mai zuwa kuwa, kowa ya sani, ba ya ƙarewa.

Nafisat ta haihu, namiji. Hajiya ta tare a gidansu don jego, ita ce hura wutar ruwan wanka, ita ce dama kunun kanwa. Tarin ya dawo, ta ce hayaƙin itace ne. Zannuwanta suka fara yi mata yawa, ta ce tsufa ne. Sharhabil yana jin tarin ta bango, kowane ɗaya kamar a ƙirjinsa ake yi. Wata safiya yana ɗaura agogo ya ce wa matarsa, kamar abin bai dame shi ba, "Da an sake yi wa Hajiya hoton nan."

Nafisat ta ɗago daga shayar da jariri. "Ba kai ka ce lafiya ba? Ko akwai wani abu?"

Nan ma ƙofa ce ta buɗe masa, faffaɗa. Ya dubi matarsa da ɗanyen jego, ya dubi jaririn. "Babu komai," ya ce. "Don dai a ƙara tabbatarwa."

Da Nafisat ta kai maganar, Hajiya ta ce ta yi na farko ta yi na ƙarshe, ita ba za ta sake tuɓewa a gaban allo ba tun da an ce lafiya. Sharhabil ya ji amsar daga falo, kuma abin takaici, har da ɗan sauƙi ya ji a ransa.

Ana cikin zafin bazara sabbin farantai suka iso da gaske. Farare tas, fatarsu na sheƙi, gefuna a liƙe kamar ba hannu ne ya yi ba. Har da kwalaben ruwan goge su. Aka jefa tsohon a saman kabad, ma'aikata suna ta barkwanci wai an yi wa ɗan haya notis. Ba a daɗe ba Nafisat ta kira shi a waya tana kuka: ta ga jini a tsumman da Hajiya ke tari a ciki, ashe ta jima tana ɓoyewa.

Wannan karon Juwairiyya ce ta ɗauka, Sharhabil yana tsaye a baranda. Da ta gama ta sallami Hajiya da fara'a, ta bari suka yi nisa, sannan ta leƙo. "Oga, zo ka gani."

Sabon faranti ba shi da tabo ko ɗaya, don haka babu wanda za a ɗora wa laifi. Farin yana nan a saman huhun dama, ya kai dunƙulen hannu, ya miƙa 'yan yatsu zuwa tsakiyar ƙirji. Ƙasan huhun kuma ruwa ya taru.

Juwairiyya ta nemo hoton bara a kwamfuta, ta jera su gefe da gefe. Ta daɗe tana duban tsohon, ta ƙara masa duhu, sannan ta sa yatsa can ƙasa ta hagu, ƙarƙashin zuciya, inda farin tumbi ke haɗiye komai. Wani dabbare ne a wurin, dishi-dishi, mai siffar da dukansu suka sani.

"Ga ɗan hayanka nan," ta ce a hankali. "Kai ƙasa ka sa kaset ɗin ranar. Tabon faranti ya koma nan. Wancan na sama nata ne, tun a lokacin."

Sai yanzu ya tuna hoton da ya fito a juye, da yatsansa da ya miƙar da shi. Ashe ya riga ya juya kaset ɗin da kansa bai sani ba, amsar tana gabansa tun ranar, idonsa ne ba ya wurin. Ya zauna a kan gadon ɗaukar hoto.

"Ba ka sake ɗauka ba?" in ji Juwairiyya.

"Surukata ce."

Ta dube shi, ta kawar da kai. "Ni ba zan gaya wa matarka ba, wannan tsakaninku ne. Amma kada ka jira in ce maka ba komai."

Bayan ta fita ya miƙa hannu saman kabad ya sauko da tsohon farantin. Ya sa farce a kusurwar da ta ɗaye, ya ja. Fatar ta biyo hannunsa ba gardama, shara-shara, iskar fanka ma tana neman ƙwace ta. Abin da bai kai nauyin gashin kaza ba. Ya riƙe ta yana tunanin mutanen da suka tsaya a gaban allon nan a ranakun da layi ya yi tsawo, ko wuta na shirin ɗaukewa, aka ce musu ɗan haya ne, suka tafi gida suna godiya. Bai san adadinsu ba, kuma ba shi da hanyar sani.

A babban asibitin da aka tura su an yi gwaje-gwaje, aka ce ciwon daji ne, ya riga ya kai hanta da ƙashin baya. Babu likitan da ya ce da an gani bara da ta warke. Sun dai ce da an gani yana ƙarami, da an gwada yanke shi. Nafisat ta ce, "Ai bara an yi hoto, babu komai," likitan ya ce irinsa wani lokacin yana da saurin girma. Sharhabil yana tsaye a bayanta, riƙe da jakar magunguna. Aka ba su maganin rage zafi, Hajiya ta ce a mai da ita ɗakinta.

Daga nan gidan Kurmin Mashi ya zama gidan 'yan dubiya. Sharhabil kullum yana can bayan an tashi aiki. Shi ne neman iskar numfashi, shi ne kawo mai allura, har dangi suna cewa ko ɗan cikinta sai haka. Kowane yabo kamar ana zuba masa barkono a ciwo. Abinci ya daina yi masa daɗi. Ya yi ta shirya maganar a ransa, a kan babur, a sahun salla, har ya yanke cewa ita zai fara gaya wa, tun tana iya ji, ya nemi gafararta. In ya so Nafisat ta yi duk hukuncin da ta ga dama.

Wata la'asar ya zo ya tarar da ɗakin da mata, ƙannenta biyu da wasu 'yan Islamiyya, Nafisat na gefen gado tana yi mata fifita. Ya tuɓe takalmi ya tsuguna a bakin ƙofa inda ya saba. Daga nan ƙafafunta kawai yake gani, sun kumbura, tabon ƙunar nan ya miƙe ya yi sheƙi. Ya so ya bari sai an watse, amma ya san halinsa da jiran sati mai zuwa.

"Hajiya, akwai maganar da nake so in yi. Ranar nan da aka zo hoto, bara..."

"Allah sarki," in ji Hajiya. Muryarta ta zama kamar ana jan tsintsiya a siminti, tana yi tana hutawa. "Kun ji shi ko? Har yau abin na damunsa." Ta juya kai wajen matan. "Ban taɓa ba ku labarin ba. Ranar nan mace ba ta nan, shi ya ɗauke ni. Ni da shi kaɗai, ga ni cikin wata 'yar riga, baya a waje. Na ji a baranda ana cewa wai a ɗakin nan sau biyu ake tsayar da mutum. Na ce ya Allah, kada ka sa yaron nan ya ce in sake. Ina tsaye ina ta addu'a. Sai na ji ya ce an gama."

Tari ya sarƙe ta. Nafisat ta tallafe ta, ta goge mata baki, ta ninke tsumman da sauri.

"Hajiya, dama abin da..." in ji Sharhabil.

"Bari in ƙarasa, Baban Atika, numfashin ba yawa." Ta ɗan huta. "Ko sau ɗaya bai ɗaga ido ya dube ni ba. Bai taɓa ni ba. Ya rufa mini asiri a ranar da na fi bukata. Ciwo na Allah ne, da ya tashi zuwa ya zo. Amma wannan yaron, ku shaida, na yafe masa duniya da lahira, ko da yake bai taɓa yi mini komai ba. Yadda ka ji kunyata, Allah ya sa 'ya'yanka su ji taka."

"Amin, amin," matan suka amsa baki ɗaya. Nafisat tana hawaye tana murmushi, tana duban mijinta da wani irin alfahari.

Sharhabil yana nan tsugune a bakin ƙofa. Kansa na sunkuye, hawaye na ɗiga a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya daga cikin ƙannen Hajiya ta taɓa ta kusa da ita, ta nuna shi da haɓa.

"Dube shi don Allah," ta ce. "Har yanzu ya kasa ɗaga kai."